Faifan Anti Sikira

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Anti Sikira ta rasu.

Da safen nan 'yarta Biliki ta kira ni. Ina ganin lambarta na ɗauka da fara'ata, har na fara tsokanarta cewa yau wace rana. Sai na ji kuka. Ta ce, "Anti Hajara, Mama don go." Ta sake faɗa da 'yar Hausarta wai ko ban gane ba. Na gane tun na farko.

Tun lokacin ina zaune a falo ban san wajen wanda zan shiga in faɗa wa ba. Maƙwabciyata ta tafi ofis. Maigidana yana wata uwa duniya. Shi ya sa na buɗe kwamfuta na zo nan wurinku.

Da yawanku kun san muryarta ko da ba ku taɓa ganin fuskarta ba. Duk wadda ta koyi kwamfuta da faifan nan na Hausa da ake sawa a talabijin, to muryar da ke cewa "danna, 'yar'uwa, ba ya cizo," ita ce.

Ku malamarku ce. Ni kuwa a garin nan kaf, ita ce mutum ɗaya da nake da ita.

Ni 'yar Haɗeja ce, aure ne ya kawo ni Samaru ta Zariya. Ba mu daɗe ba maigidana ya samu tafiya ƙaro karatu ƙasar waje. Gidan da muke ciki na ma'aikata ne, in aka bar shi a kulle sai a ba wani, don haka aka ce in zauna in riƙe gida. Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna, don haka daga ni sai kujeru.

Wadda ba ta taɓa zaman kwatas ba ba za ta gane ba. A gidanmu na Haɗeja kafin ki gama wanke baki an yi sallama ya fi a ƙirga. Nan kuwa kowane gida da shingensa na fulawa, kowa ya fito sai ya faɗa mota. Matan kirki ne, ban ce ba, amma ma'aikata ne. In sun tsaya gaisawa rabi Turanci ne, a tsaye, makulli a hannu.

Akwai ranar da sai da na tayar da sallar magariba na lura tun safe ban yi magana da kowa ba in ban da Ubangijina.

Maigidan ya bar min kwamfuta a kan tebur, ya ce mu riƙa yin imel don waya akwai tsada. Ya nuna min yadda ake yi ana gobe zai tafi, yana nunawa yana cusa kaya a akwati. Yana tafiya na lulluɓe ta da zani, na riƙa kewaye ta kamar surukata.

Kafe-kafen intanet na Samaru kuwa cike suke da ɗalibai, samari kai da kai, ana ihu ana dariya. Sau biyu ina zuwa bakin ƙofa ina juyawa.

Wata rana na je cefane kasuwar Sabon Gari, sai na hango wani ɗan shago a bayan masu yadi, ana fotokwafi da buga takardu. Abin da ya sa na shiga shi ne mace na gani a zaune. Ƙatuwar mata, tabarau a rataye da igiya, ɗaurin ɗankwalin nan na Yarbawa da ke kusan taɓa silin. Ina ta shirya ɗan Turancina a zuci, sai ta ɗago ta ce, "Lale, amarya, shigo mana, kin tsaya kaman mai bin bashi."

Zazzaganci tsantsa, wanda ya fi nawa Hausar gudu.

A Sabon Gari aka haife ta. Babanta aikin jirgin ƙasa ne ya kawo shi. Ta yi aikin buga tafireta a wata masana'anta a Chikaji har aka rufe, mijinta ya rasu, ta buɗe shagon nan. Sunana Hajara, na faɗa mata tun ranar, amma har ta bar garin nan Amarya take ce min.

Da farko ita take rubuta min saƙon. In zauna a gefenta, ta ɗora yatsu a kan madannai ta ce, "Me za a ce mashi?" Ga mai jiran fotokwafi a tsaye a kaina, ga telan maƙwabta ya leƙo aron almakashi ya ƙi tafiya. Sai in ce, "Ki ce ina gaishe shi, muna nan lafiya."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

Haka muka yi ta yi duk ranar da na shigo kasuwa. Ran nan sai ta ɗauke hannunta daga kan madannan ta naɗe a ƙirji.

Ta ce, "Amarya, wannan ba saƙon mata da miji ba ne, sanarwan rediyo ne. Na san akwai magana a cikinki. Ba za ki faɗe shi a gaban mai fotokwafi ba, ni ma kuma ba na son in ji. Matso nan ki koya, ki rubuta abinki da hannunki."

Na fara koyo. In ina gabanta komai sauƙi, har ta ce kaina yana ja. In na koma Samaru na buɗe tawa kuwa, sai ta fito min da wani akwati da Turancin da ban taɓa gani ba. Sai in zare wayar wuta in mayar da zani. Sabon Gari kuma ba nan kusa ba, sau ɗaya nake zuwa a mako, kafin wani makon ya zagayo na manta na baya.

Anti ta ce, "Ke matsalanki ba kai ba ne, tsoro ne. Da zan iya bin ki gida da kin iya tuni."

Nan ta fara tunanin yadda za ta bi ni gida.

Da fari ta kira mai ɗaukar bidiyon biki ya kafa kyamararsa a gaban kwamfuta. Da muka kalla, ba abin da ake gani sai wasu baƙaƙen layuka suna hawa suna sauka, da ƙeyar Anti. Daga baya wani malami da ke kawo mata aikin bugawa ya ce ai akwai manhajar da ke ɗaukar duk abin da ake yi a allon kwamfuta, har da murya. Anti sofwaya take cewa. Ta ce, "To, sofwayan nan ko a ina yake sai mun nemo shi."

Wallahi mun sha wahala. Intanet ɗin shagon tafiyar hawainiya yake. Sai abu ya kusa gama sauka a ɗauke wuta, kafin a tayar da janareto an koma farko. Ni ban san komai ba lokacin, aikina shi ne in zauna in tsare allo da ido in ce mata, "Anti, ya matsa kaɗan."

Ta farko da muka samu kyakkyawa ce, ga launi ga ado, an rubuta kyauta ɓaro-ɓaro. Muka ɗauki gwaji muna murna. Da muka kunna, sai ga wani ƙaton tambari a tsakiyar hoton, ya zauna daram a kan wurin da ake son in ga an danna. Wai in kana so ya tashi sai ka biya.

Ta biyu ba tambari. Ta yi aiki lafiya lau har muka saki jiki. Bayan 'yan makonni Anti ta buɗe ta da safe, ta ƙi buɗuwa, wai lokacin gwaji ya ƙare, a kawo katin banki.

Anti ta yi tsaki ta ce, "Wannan ɗanɗano ne irin na mai kilishi, ba kyauta ba ne." A ranar ta koya min abin da har yau nake faɗa wa duk wadda ta tambaye ni: in kin ga an rubuta kyauta, ki duba ƙasa da kyau, kyautar saukewa ce ko kyautar amfani.

Masu sayar da faifai a kasuwa suka ce mata ta daina wahalar da kanta, akwai manyan manhajojin kuɗi da aka fasa musu makulli, ga su nan a tire kamar gyaɗa. Ta ƙi. Ta ce na farko, mai shagon gaba ya sa irinsu bairos ya cinye masa aikin mutane. "Na biyu kuma, in koya ma 'yar mutane ilimi da kayan sata? Abeg, ku bar ni."

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wadda muka tsaya a kanta a ƙarshe wata 'yar mitsitsiya ce, ba ado ba komai, daga jan maɓalli na farawa sai shuɗi na tsayawa. Wasu mutane ne can suka haɗa ta suka sake wa duniya, ba tambari, ba wa'adi. Tsohuwar kwamfutar shagon ma ta ɗauke ta ba nishi.

Anti ta ce, "Ba shi da kyan gani, amma ba zai kore mu ba. Irin shi ake aure."

Ita ma da halinta. In aka ja ɗauka ta yi tsawo, sai fayil ɗin ya kumbura ya cika kwamfuta, wani lokaci ya ƙi buɗuwa sam. Murya kuma ta riƙa ja da baya, a danna abu yanzu, sai can Anti ta ce "danna". Dole aka koma yin gajeru-gajeru. Manhajar yanka da haɗawa kuwa, wadda ta zo da kwamfutar muka yi amfani da ita tunda an riga an biya kuɗinta. Ita kuma suma take yi ba sallama, kana cikin aiki ta sandare. Da ita na koyi adana aiki duk bayan motsi.

Anti ta ce a talabijin zan riƙa kallo, don hannuna ya samu damar yi a kwamfuta. Da aka mayar da shi irin faifan da bidiyon gida ke ci, rubutun ya zama kamar tururuwa. Sai ta ƙara girman komai, ta sa wa 'yar kibiyar nan ta kan allo rawayen zobe don ido ya bi ta.

Darasin farko ba na nan ta ɗauka. Ta ce da sassafe ta yi, ranar da aka bar wuta, ta rufe ƙofa ta roƙi tela ya ɗaga ƙafa daga keke. Da na zo ta miƙo min faifai ta ce, "Ki jawo kwamfuta kusa da talabijin, ki sa wannan. Ga ni nan na bi ki gida."

Washegari na yi shara, na yi wanka, na zauna kamar mai jiran baƙo. Na sa faifai. Ga allon kwamfuta ya fito tar, ga rawayen zobe. Sai muryarta.

"Salamu alaikum. Amarya, ina kwana?"

Sai shiru. Kibiya ba ta motsi.

Na matsa kusa da talabijin. Can sai ta ce, "Ina gajiya?" Ya sake tsayawa. "Ya kewan maigida?" Ya sake tsayawa.

Na cire faifan, na hura masa iska, na goge da bakin zani, na mayar. Haka dai. Daga bayan nan darasi ya tafi sumul, amma ni raina ya riga ya ɓaci. Duk wahalar da muka sha, ashe wannan ma mai suma ce.

Ranar kasuwa ko cefane ban yi ba na wuce shago. Na ce, "Anti, wannan ma sai an canza ta. Maƙalewa take a farko."

Hankalinta ya tashi. Ta sa faifan muka zuba ido. Muryarta ta ce ina kwana, aka yi shiru, na nuna da yatsa na ce, "Kin gani ko!"

Ta cire tabarau ta dube ni sama da ƙasa.

"Amarya, a Haɗejan naku in an ce ina kwana, me ake cewa?"

Na ce, "Lafiya lau."

"To wa kike jira ya ce? Ba sofwaya ne ya tsaya ba, ni ce na tsaya ina jiranki. Na gaishe ki kin min shiru, kuma kin biya mota kin zo kawo ƙara."

Tela da ke bakin ƙofa ya yi dariya har da riƙe bango. Ni ma na yi ta dariya har hawaye suka zo, daga nan kuma suka ƙi tsayawa. Ban taɓa faɗa mata yadda gidan nan yake ba. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko mahaifiyata, don kar hankalinta ya tashi. Anti ta kori tela, ta miƙo min bakin gyalenta, ba ta tambaye ni komai ba.

Washegari na amsa. Ni kaɗai a falo, da ƙarfi, na ce, "Lafiya lau, Anti." Na ji kunyar kujeru, amma na amsa. Daga ranar, ko ba zan yi darasi ba sai na sa farkon faifan kafin in ɗora ruwan shayi.

Da haka na iya. Na rubuta wa maigidana saƙo da hannuna a gida, na sa a filash, na je na tura da kaina. Amsar da ya aiko ta fara da, "Wa ya rubuta miki wannan?" Abin da na rubuta kuwa ba ruwanku.

Maƙwabciyata ce ta fara ganin faifan, ta ce a yi wa ƙanwarta da ke aure a Palladan ba ta fita. Daga nan magana ta bazu. Anti ta sake ɗauka, ta cire Amarya ta sa 'yar'uwa. Ita ce murya, ni kuma na zama mai yanka da haɗawa, don ta ce hannuna ya fi nata sauri kuma na fi ta haƙuri da mai sumar nan.

A nan muka yi faɗanmu guda ɗaya. Tunda dole darasi ya zama gajere, gaisuwa da jiran amsa suna cinye wuri mai yawa. Na ce mu bar gaisuwa a darasin farko kawai, sauran a shiga aiki kai tsaye. Har na yi mata gwaji na nuna mata yadda ya yi tsaf.

Ta ce, "Mayar."

Na ce, "Anti, lokaci fa."

"Raba darasin biyu in bai isa ba. Gaisuwan ba a taɓa shi. Kin san wacce za ta sa faifan nan? Wataƙila tun safe ba wanda ya ce mata ci kanki. Ke da kanki za ki faɗa min wannan?"

Na mayar.

Ba a kwamfuta kaɗai ta riƙe ni ba. Ita ta tilasta min cin amala, ta tsaya a kaina har na daina yatsine fuska. In zan koma Samaru sai ta raka ni bakin titi tana jan ƙafa, ta ce wa kwandasta, "Ƙanwata ce, ka sa ta kusa da mata." Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni ban zo kasuwa ba, ta rufe shago ta hau mota har kwatas, tana tambayar gida-gida, da kular farfesun da yajinsa ya kusa kashe ni kafin zazzaɓin. Ta share min gida tana faɗa, wai mace tana ciwo ba za ta buga wa maƙwabta ƙofa ba, girman kai ne ko me.

A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ni tawa ta wuce uwar ɗaki.

Ciwon suga ne ya ci ƙarfinta. Ƙafar ta ƙi warkewa, tafiya ta gagara. Biliki, wadda tun tana ƙarama a wurin kakarta ta tashi can Kudu, ta zo ta ce ba za ta bar ta ita kaɗai ba, za ta tafi da ita garinsu wajen Offa. Gaskiya ce da ita, ba wanda zai ce ta yi laifi.

Ganina da ita na ƙarshe a shagon ne. An kwashe komai, sai shatin tebura a ƙasa. Tana zaune a benci, ƙafar a miƙe a kan katan, ɗankwalin ko ɗaurin kirki ba ta yi masa ba.

Ta ce, "Wai za a kai ni gida. Amarya, ni gidana nan ne. Can biki kawai nake zuwa da jana'iza. Yarbancina ma dariya suke mashi, sun ce na 'yan Arewa ne."

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Biliki za ta tafi aiki tun safe. Wa zai ce min ina gajiya?"

Na ce zan riƙa kiranta. Ta yi tsaki.

"Waya? Can sai an hau tudu ake samun sabis. Kuma waya ai ba gaisuwa ba ne, kowa yana magana yana jin kati na ƙonewa." Ta buɗe jaka ta ciro makirfon da take ɗaukar darasi da shi, wanda aka naɗe wuyansa da salatif, ta ɗora min a cinya. "Ki yi min faifai. Ki koya min wani abu, ai yanzu kin fi ni."

Na ce, "Anti, ni ban taɓa magana a abin nan ba, muryata ba daɗi."

"Wa ya ce maki waƙa za ki yi?"

Da motar ta zo, aka kama ta aka sa a baya. Na tsaya riƙe da ƙofa. Ta ce, "Je ki, Amarya, kar ki rasa motan Samaru. Ba na son a tsaya ana kallona." Na tafi. Na sha kwanar masu yadi na tsaya a inda ba za ta gan ni ba har suka wuce.

Bayan tafiyarta na daina shiga Sabo na ɗan lokaci. Ba wurin wanda zan je.

Da na samu ƙarfin zuciya, na ari kyamarar maƙwabciyata na fita. Na ɗauki shagon, yanzu kayan waya ake sayarwa a ciki. Na ɗauki tela yana ɗaga mata hannu, da mai kifin da suke faɗa kullum, da masallacin layinsu, da gadar Kwangila, da hanyar Chikaji da ta yi shekaru tana bi. Darasin da na shirya mata shi ne yadda ake jera hotuna a ɗora musu murya. Na san ba kwamfuta a inda take. Ita ma ta sani.

Ɗaukar muryar ta ba ni wuya. Na rufe tagogi, na danna jan maɓalli, na ce, "Salamu alaikum, Anti, ina kwana?" sai murya ta karye. Na share na sake, na share na sake. Sai a lokacin na san abin da ta yi min. Ka gai da ɗaki ba kowa, ka yi shiru kana jira, ba ƙaramin abu ba ne. Shirun ya riƙa yi min tsawo, in ji kamar na shekara, sai in yi maza in wuce tambaya ta gaba.

Na gama dai, na kai tasha na ba direban motar Kudu, Biliki ta karɓa a can.

Makon jiya ta kira ni daga wurin aikinta tana dariya. Ta ce Mama kullum bayan sallar asuba sai an sa mata. Tana amsawa da ƙarfi, har matan gidan suna leƙowa kallon tsohuwar da ke hira da talabijin da Hausa. In hoton mai kifi ya fito sai ta zage shi.

Ta ce, "Amma ta ba ni saƙo. Ta ce darasi ya yi, hoto ya yi, murya ma ba laifi. Sai dai wai kin cika gaggawa. Kin ce mata ya jiki, ba ta gama faɗa miki yadda jikin yake ba kin wuce. Ta ce ki ƙara wuri, ita tsohuwa ce, amsanta da tsawo."

Na yi dariya na ce a faɗa mata an gama.

Na buɗe aikin a mai sumar nan, na yanka bayan kowace tambaya na buɗa tsakani. Ban san iya tsawon da zai ishe ta ba, don haka na riƙa zama ina amsawa a madadinta, da irin maganarta. Ƙafar nan, da maganin da ba ya aiki, da tuwon da ba su iya ba, da Biliki da ba ta zama. In na gama sai in ƙara mata wani wurin a kai, don na san ta. Na ƙara tambayoyi ma. Na ce ya baƙunta. Na ce ya kewar Zariya.

Jiya da la'asar na gama. Na gwada a talabijin ya yi. Na sa a ambulan na rubuta sunan Biliki, da niyyar yau in na karya in kai tasha.

Da ta kira da safen nan, bayan mun yi kukanmu, na tambaye ta ko jiya ma an sa mata. Ta ce an sa, ta amsa, sai dai muryar ta yi ƙasa. Ta ce da aka gama Mama ta tambaya ko sabon ya iso.

"Na ce mata yana hanya."

Da asuba ta cika. Bayan azahar za a kai ta, ko yanzu na tashi ba zan riske su ba.

Ambulan ɗin yana nan a kan tebur kusa da ni. Ban san yadda zan yi da shi ba.

Ya Allah, ga baiwarka Sikiratu nan ta zo gare ka. Ka jiƙanta, ka yafe mata, ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Ta ɗebe wa bayinka kewa a gidajen da ba ta taɓa shiga ba, ka ɗebe mata kewar kabari, ka yalwata shi, ka haskaka shi. Ka sa abin da ta koyar ya zama sadaka mai gudana. Ka ba Biliki haƙuri, ni ma ka ba ni.

Ku kuma da kuka karanta, musamman ku da kuka taɓa amsa mata gaisuwa a falonku, don Allah ku sa ta a addu'a yau in kun idar da salla. Wanda bai san ta ba ma ya yi mata, ba za a rasa lada ba. Kuma ku rubuta amin a nan ƙasa in gani. Ina nan zaune, ba inda za ni.